Karon Battar Ƙarfe: Damben Mutum-mutumi Da Rabon Samarin Maiduguri A Cikinsa

A cikin wasannin da zamani ya zo da su akwai wani wanda har yanzu bai yi suna a ƙasar nan ba, alhali kuwa a Amurka da Ingila da Brazil da Indiya ya daɗe yana tara 'yan kallo. Wasan nan shi ne damben mutum-mutumi. Yadda ake yin sa shi ne, mutum ya zauna ya ƙera wata na'ura mai taya, ya yi mata sulke, ya ɗaura mata makami, sa'an nan ya kai ta fage ta kara da ta wani, shi kuwa yana tsaye daga waje yana juya ta da akwatin linzami na rediyo, wanda jama'a suka fi sani da rimot. Wadda ta ragargaza abokiyar karawarta, ko kuwa ta kifar da ita har ta kasa tashi, ita ce ta yi kisa.

Wanda ya ji labarin daga nesa yana iya cewa ai wannan aikin waɗanda suka ƙoshi ne, su kashe kuɗi su gina abu, sa'an nan su taru suna tafi ana farfasa shi. Amma idan aka duba da idon basira za a tarar wasan makaranta ce ta koyon ƙira da aikin lantarki, wadda jarrabawarta ba ta san roƙo ko sanayya ba. Dalilin da ya sa maganarsa ta shafi Maiduguri ke nan, garin da Allah ya hore wa samari masu hannu, ga jami'a ga kwalejin fasaha, ga makanikai da masu walda a kowace unguwa, amma galibin masu ƙirƙire-ƙirƙirensa ba su da fagen da za su gwada aikinsu da na wani.

Asalin Wasan

Wani Ba'amurke mai suna Marc Thorpe ake danganta wa kafa wasan a yadda aka san shi yau. Sana'arsa ita ce ƙera 'yan ƙananan siffofin da ake ɗaukar fim da su, ya kuma yi aiki a kamfanin da ya shirya fina-finan Star Wars. Da farko injin shara ya so ya ƙera wanda za a riƙa turawa da rediyo, abin bai yi kyau ba, daga nan tunanin ɗaura wa na'urar makami ya zo masa. A watan Agusta na 1994 ya shirya gasar farko a birnin San Francisco, ya sa mata suna Robot Wars, watau yaƙin mutum-mutumi.

Waɗanda suka fara shiga da tarkace suka yi aiki. A gasar 1995 wani mai suna Jamie Hyneman ya zo da na'urarsa Blendo, wadda ya yi wa rufi da kaskon suya irin na Sinawa, ya kuma sa mata injin yankan ciyawa ya riƙa juya ta kamar katantanwa. Bayan karawa biyu kacal masu shirya gasar suka roƙe shi ya janye ta, saboda gutsattsarin abokan karawarta suna tsallake katangar fage suna faɗawa wajen 'yan kallo, aka ba shi kambi tare da wanda ya ci.

A 1998 gidan talbijin na BBC ya fara nuna wasan a Ingila, miliyoyin mutane suka riƙa kallo. Na'urar da ta ci gasar farko a can, mai suna Roadblock, 'yan makarantar sakandare ne na garin Bodmin suka ƙera ta, da allunan alamar hanya suka yi mata sulke. Shirin ya ci gaba har 2004, aka kuma sake farfaɗo da shi daga 2016 zuwa 2018. A Amurka kuwa, bayan da rigimar mallakar suna ta tsayar da gasar asali, wasu 'yan wasa biyu, Trey Roski da Greg Munson, suka kafa BattleBots a 1999. Wannan ita ce ta zama babbar gasar masu nauyi, kuma abin da zakaranta yake ɗauka shi ne wani ƙaton noti na ƙarfe a maimakon kofi.

To amma abin da ake gani a talbijin kaɗan ne daga cikin wasan. Mafi yawan masu yin sa 'yan sha'awa ne kawai, ɗalibai da malamai da makanikai da iyaye tare da 'ya'yansu, waɗanda ke ƙera 'yan ƙananan na'urori a gida su haɗu a ƙarshen mako. Domin irinsu ne wani ɗan kasuwa mai suna Austin McChord ya kafa gasar NHRL a garin Norwalk na Amurka a 2018. A Indiya ma, babbar kwalejin fasaha ta IIT da ke Mumbai takan haɗa wannan dambe a cikin bikin kimiyyarta na shekara-shekara.

Yadda Ake Karawa

Ko da yake ana ce musu mutum-mutumi, na'urorin nan ba su da fuska ko hannu ko ƙafa irin na mutum. Sun fi kama da akwati ko kunkuru mai taya. Kuma ba su da tunanin kansu, duk motsin da suka yi matuƙin da ke riƙe da rimot ne ya sa su.

Doka ta farko ita ce ta nauyi. Kafin a shiga fage sai an ɗora kowace na'ura a kan sikeli, wadda ta haura da ko giram ɗaya sai mai ita ya koma ya rage wani abu. Daga cikin mafi ƙanƙanta akwai ajin tururuwa, waɗanda a Ingila ba sa wuce giram 150, a Amurka kuma giram 454. Sai ajin buzuzu, kilo 1.36 a Amurka, kilo ɗaya da rabi a Ingila. Daga nan sai masu kilo 5.4, da masu kilo 13.6, har a kai ga manyan BattleBots masu kilo 113, waɗanda sun fi buhun siminti biyu nauyi.

Karawa minti uku ce a mafi yawan gasanni. Idan na'ura ta daina motsi alƙali zai ƙirga mata goma, in ba ta motsa ba an kashe ta ke nan, kamar dai ɗan damben da ya kai ƙasa. Idan kuwa lokaci ya cika duka biyu suna tafiya, ba a raba su a ce babu kisa kamar yadda akan yi bayan turmi uku a damben gargajiya, sai alƙalai su yanke hukunci. A gasannin BattleBots na baya-bayan nan alƙalai uku ne, kowanne yana raba maki 11, watau 5 na ɓarnar da aka yi wa abokin karawa, 3 na yawan kai hari, 3 kuma na gwanintar tuƙi.

Akwai kuma makaman da aka haramta. Ba a yarda a watsa ruwa ko mai ba, ba a yarda a sa wa abokin karawa wutar lantarki ba, ba a yarda a toshe masa rediyo ba, haka nan yawancin gasanni sun hana jefa raga ko igiya domin a sarƙe masa taya. Dalili shi ne a bar ƙira da tuƙi su raba gardama.

Kowane Makami Da Maganinsa

Ɗan damben gargajiya yana da hannun da ya ɗaure na duka, da kuma wanda yake karewa da shi. Haka na'urar nan take, sai dai makamanta iri-iri ne. Akwai mai gangare, wadda gabanta yake kamar bakin shebur, ta shiga ƙarƙashin abokiyar karawa ta ɗaga tayoyinta daga ƙasa, ta tura ta duk inda ta ga dama. Akwai mai wurgi, wadda ke da faifai a gaba da iskar gas ke ɗagawa farat ɗaya. Shahararriya a irin wannan ita ce Chaos 2 ta George Francis, wadda ta fara cilla abokiyar karawa waje da fage a gasar Ingila, ta kuma ci kambi sau biyu a jere. Akwai mai guduma, akwai mai baki kamar awartaki da ke matse ƙarfe har ya huje.

Wanda aka fi tsoro shi ne makami mai juyi, watau sandar ƙarfe ko faifai mai haƙora da injin lantarki ke juyawa da gudun gaske. Sirrinsa yana cikin wata ƙa'ida ta kimiyya da ake koyarwa tun a sakandare, cewa idan aka ninka gudun abu sau biyu, ƙarfin bugunsa sau huɗu yake ninkuwa. Saboda haka ne BattleBots ta ƙayyade cewa kada gudun bakin makami ya wuce mil 250 a awa, kusan kilomita 400 ke nan. Na'urar Tombstone ta Ray Billings, wadda ta ci gasar 2016, da irin wannan sanda ta yi suna.

Sai dai duk ƙarfin da makami ya kai wa abokin karawa, kwatankwacinsa yake dawowa jikin mai shi. Sau da yawa akan ga na'ura ta kai wani mummunan bugu, ita kuma nan take ta mutu, don wata waya ta tsinke a cikinta ko batir ya goce daga mazauninsa. Mai gangare da ke da kauri a gaba takan jure bugu uku ko huɗu har mai juyi ta karya kanta. Shi ya sa masana wasan suke yaba wa Bite Force ta Paul Ventimiglia, wadda ta ci BattleBots a 2015 da 2018 da 2019. Makaminta bai fi na kowa muni ba, amma da wuya a ga ta lalace, matuƙinta kuma gwani ne.

Inda Karatun Yake

A nan ne wasan ya zama makaranta. Tun da nauyi ƙayyadadde ne, duk abin da maƙeri ya ƙara a wani wuri dole ya rage shi a wani. In ya yi sulke mai kauri makaminsa zai zama ƙarami, in ya sa babban inji zai bukaci babban batir. Ƙungiyar RioBotz ta wata jami'a a birnin Rio de Janeiro na Brazil, wadda ta ƙera fitacciyar na'urar nan Minotaur, malaminta Farfesa Marco Antonio Meggiolaro ya wallafa littafin koyarwa mai shafi fiye da 300 a 2009, ya sake shi kyauta a intanet. A ciki akwai wata ƙa'ida ta rabon nauyi: kashi 30 cikin ɗari na tayoyi da injinansu, kashi 30 na makami, kashi 25 na gangar jiki da sulke, kashi 15 na batir da kayan lantarki. A na'ura mai kilo 1.36, giram 204 kawai ke nan ya rage wa batir da wayoyi da kayan rediyo. Yaron da ya zauna da sikeli da biro yana wannan lissafi ya shiga aikin injiniya ko bai sani ba.

Bugu da ƙari, gasa ba karawa ɗaya ba ce. Wanda ya ci dole ya gyara na'urarsa kafin a sake kiransa, wani lokaci cikin abin da bai kai awa ɗaya ba. Dole ya gano abin da ya karye, da dalilin karyewarsa, da yadda zai hana shi sake karyewa. Wanda ya sha kashi kuwa yakan koma gida da gutsattsarin aikinsa a cikin kwali, kowane guntu yana nuna masa inda ya yi sakaci. Wani abin sha'awa kuma shi ne al'adar bayan fage, inda aka saba ganin mutum yana ara wa wanda zai kara da shi sifana ko inji, domin ba wanda yake son nasarar da aka samu don abokin karawa ya kasa fitowa.

Hannun Da Ke Maiduguri

Duk abin da wannan wasa yake bukata na gwaninta akwai shi a babban birnin Jihar Borno. Akwai Jami'ar Maiduguri da aka kafa a 1975, mai tsangayar koyon aikin injiniya. Akwai Kwalejin Fasaha ta Ramat, wadda ta samo asali daga kwalejin koyon sana'a ta 1973, daga baya aka sa mata sunan marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed. Gwamnan jihar da ya hau mulki a 2019, Farfesa Babagana Umara Zulum, shi kansa injiniya ne, kuma ya taɓa shugabancin wannan kwaleji.

A wajen makaranta ma haka abin yake. Masu gyaran wayar hannu na Kasuwar Jagwal suna liƙa abin da ido da ƙyar yake gani. 'Yan rewaya da masu naɗin koyil sun san cikin injin lantarki kamar yunwar cikinsu. Tun da aka hana hawa babur a garin a watan Yuli na 2011, Keke Napep ta zama abin hawan jama'a, aka kuma samu ɗimbin yara masu koyon gyaranta. Wahala ma ta koya wa garin wani ilmi, domin bayan da 'yan ta'adda suka kayar da turakun lantarki a kan hanyar Damaturu a watan Janairu na 2021, birnin ya daɗe a cikin duhu, abin da ya sa gidaje da shaguna da yawa suka koma ga hasken rana, samari kuma suka ƙware a haɗa sola da batir da inbata. Sai a watan Maris na 2023 aka buɗe tashar lantarki mai aiki da gas, mai ƙarfin megawat 50, domin rage wa garin wannan matsala.

Babbar shaida ita ce ta Mustapha Gajibo, matashin da ya bar Jami'ar Maiduguri bai gama ba ya kafa kamfanin Phoenix Renewables. A 2022 kafofin watsa labarai na duniya sun ba da labarin yadda ya cire injinan fetur daga ƙananan motocin safa guda 10 ya mayar da su masu aiki da batir, kowace tana tafiyar kilomita 100 da caji ɗaya, ya kuma shiga ƙera wata mai ɗaukar mutum 12 tun daga tushe. Abubuwan da ke cikin irin wannan mota, watau batir da injin lantarki da na'urar da ke daidaita gudunsa, su ne dai ke cikin na'urar dambe, girma ne kawai ya bambanta. Yaron da ya ƙona ƙaramin inji sau uku a fagen wasa har ya gane dalili, shi ne irin ma'aikacin da masana'antar Gajibo da ire-irenta za su nema gobe.

Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai

Arewacin Nijeriya bai taɓa rasa masu ƙirƙira ba. A 2007 duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyya a Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen motoci, ya sa masa injin Honda Civic. Kowace shekara kuma akan ga wani yaro a wani gari ya ƙera motar gwangwani mai tafiya, ko injin haƙa ƙasa da sirinji. Abin da yakan biyo baya sananne ne, a taru a yi mamaki, a ɗauki hoto, wani babba ya yi alkawari, sa'an nan a watse. Da wuya a sami wanda zai gaya wa yaron cewa giyarsa ba ta dace da tayarsa ba, ko waldarsa ba ta kama ba. Yabo ba ya nuna wa maƙeri kuskurensa, fage kuwa cikin minti uku zai nuna masa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ba wai babu gasar mutum-mutumi da 'yan Nijeriya ke shiga ba. Tun a gasar FIRST Global ta farko, wadda aka yi a Washington a 2017, ƙasar nan ta tura 'yan makaranta. Akwai kuma gasar ƙasashen Afirka da Dokta Sidy Ndao ya kafa a Dakar ta ƙasar Senegal, ga kuma Cibiyar Ƙirƙirarriyar Basira da Mutum-mutumi da Gwamnatin Tarayya ta buɗe a Abuja a 2020. Sai dai waɗannan gasanni na aiki ne, a ɗauki ƙwallo a sa a kwando ko a bi layi, kuma sau da yawa da kayan da aka sayo a kwali ake yin su, abin da ya sa suka fi sauƙi ga makarantun masu hali. Damben na'ura kuwa ba ya tambayar inda aka samo kaya, kuma ba ya bukatar tafinta. Duk wanda ya taɓa zama a gidan dambe, ko ya ji yadda Ɗan Anace yake zuga Shago, zai gane abin da ake yi tun daga bugun farko.

Kuɗi Da Kayan Aiki

Gaskiya ne manyan na'urori masu kilo 113 sun fi ƙarfin talaka, ko a Amurka sai da taimakon kamfanoni ake gina su. Amma ba daga nan ake farawa ba. A matsakaitan azuzuwa, maƙera da yawa a Turai da injin huda mai batir suka fara, su cire injinsa da giyarsa su ɗaura masa taya. Na farko-farko sun yi amfani da injin waifar mota. Robar katakon yanka nama, wadda iri ɗaya ce da ta jarkar ruwa, sulke ce mai kyau domin tana lanƙwasa ba ta fashewa. Sifirin mota, wanda maƙeran gargajiya suka daɗe suna yin adda da wuƙa da shi, yana yin makami. Duk waɗannan ana samun su wajen 'yan gwangwan da masu sayar da tsofaffin kayan mota, a Maiduguri ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ko a Panteka ta Kaduna.

Abin da dole a saya sabo shi ne rimot da makarɓinsa, da na'urar daidaita gudun inji, da batir mai kyau, waɗanda daga waje ake shigo da su, faɗuwar darajar naira kuma ta ƙara musu tsada. Sai dai rimot ɗaya yana iya yi wa ƙungiya guda aiki shekara da shekaru. Mafi tsada duka shi ne fagen kansa, domin dole a kewaye shi, a kuma rufe samansa, da wata roba mai kama da gilashi da ake kira polikabonet, wadda ba ta tarwatsewa in an buge ta. Gilashin taga ba ya yin wannan aiki ko kaɗan. Amma fagen ajin tururuwa bai wuce girman tebur ba, kuma idan aka fara da na'urori marasa makami mai juyi, waɗanda tura juna cikin rami kawai suke yi, ko makarantar gwamnati tana iya ɗaukar nauyinsa.

Hatsari Da Maganar Tsaro

Wasan nan ba a yin sa da ganganci. Na'ura mai kilo ɗaya da rabi tana iya datse yatsa, saboda haka dokokinsa suke da tsanani. Dole a ƙera ta yadda in rediyo ya yanke komai zai tsaya cak. Dole ta kasance da makunnin da za a kashe wutarta daga waje. Dole a sa wa makami sakata, ba a cirewa sai an shiga fage, kuma ba a gwada makami mai juyi a ɗaki ko a tsakar gida. Batirin lithium da ake amfani da shi yana kamawa da wuta in ya huje ko aka cika masa caji, shi ya sa ake ajiye bokitin yashi kusa. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, wanda kuma ya ga gobarar Kasuwar Monday a watan Fabrairu na 2023, wannan ba maganar da za a yi wa riƙon sakainar kashi ba ce.

Akwai kuma wata matsala da ta keɓanta da Maiduguri. A garin da ya sha fama da tashin bama-bamai tun bayan rikicin 2009, saurayin da aka tare a shingen bincike da batir da wayoyi da rimot a cikin jaka yana iya shiga halin da bai taɓa zato ba, jami'in da ya tsare shi kuma ba za a ce ya yi laifi ba. Saboda haka wasan ba zai yiwu a ɓoye ko a bayan gida ba. Dole ya kasance a ƙarƙashin makaranta ko wata ƙungiya mai rajista, da sanin jami'an tsaro da masu unguwanni, kowane ɗan wasa da katin shaidarsa, kowace na'ura da sunan mai ita a jiki. Makamin wuta da wasu gasannin Amurka suka yarda da shi kuwa, ba shi da wuri a nan.

Wasu iyaye za su tambaya, shin ya dace a koya wa yaran da suka taso cikin yaƙi wasan faɗa? Tambayar tana da nauyi. Amsar da ke akwai ita ce a wannan fage ƙarfe ne ke jin jiki, mutanen biyu kuwa kafaɗa da kafaɗa suke tsayawa, su yi musafaha in an gama. Wanda ke neman shaidar cewa irin wannan ilmi yana yi wa yaran ƙasar da ta sha yaƙi amfani, sai ya tuna 'yan matan nan shida na birnin Herat a Afganistan, waɗanda aka hana su biza sau biyu kafin su isa Washington a 2017, suka kuma koma gida da lambar yabo. Abin da ya wajaba a tsare tun farko shi ne caca, wadda takan bi duk inda ake karawa, in ta shiga kuma karatu ya fita.

Wa Zai Fara?

Abin da ake bukata bai taka kara ya karya ba: fage guda mai girman tebur, sikeli, 'yan rimot, da malami ɗaya ko biyu masu sha'awa. Kwalejin Ramat da tsangayar injiniya ta Jami'ar Maiduguri suna da ɗakunan aiki da za a iya buɗe wa 'yan sakandare ranar Asabar. Ma'aikatar Ilmi tana iya sa gasar cikin bukukuwan kimiyya na makarantu, ƙungiyar injiniyoyi ta ba da alƙalai, 'yan kasuwa kuma su ɗauki nauyin ƙungiyoyin unguwanninsu kamar yadda suke yi wa 'yan ƙwallo.

Sharaɗi biyu ne ya kamata a riƙe. Na farko, a rubuta dokokin da Hausa da Barbarci, kada Turanci ya zama shinge. Na biyu, kada a tambayi kowa takardar makaranta a ƙofa. A bar yaron gareji daga Bulumkutu ya kara da ɗalibin ajin ƙarshe na jami'a, a bar 'yan mata su shigo da nasu. Ɗalibin zai koyi yadda ake walda ta kama, yaron garejin kuma zai ga amfanin lissafin da bai samu ya yi ba. Idan Maiduguri ta yi shekara biyu ko uku tana haka, sai ta gayyaci Kano da Zariya da Maraɗi, a ga wanda zai yi kisa. Allah ya ba masu hali ikon farawa.